Alƙiblar Kaka Usaini

Malam Mounkaila ba gaba yake da salula ba, haushinta dai yake ji. Shekara goma sha tara yana koyar da lissafi a wani kolej a Parakou, alli ya ci masa yatsu, amma yau ka ba yara aikin gida, su ɗauki hotonsa, salula ta tofo musu amsa tun ba ka kai bakin ƙofa ba. Amsa daidai kuwa, har da ado! Ka ce ɗalibi ya taso gaban allo ya nuna ta inda ya bi, sai ya tsaya yana jujjuya alli yana kallon rufi. Ranar da ya koyar da kusurwa, wata Shakira mai zama a layin gaba ta ɗaga hannu da ladabinta, ta tambaye shi a ina mutum zai gamu da kusurwa in ya gama lekol, wato makaranta. Ya ba ta doguwar amsa, amma shi kansa bai gamsu ba. Da tambayar ya hau zemijan zuwa gidansa a unguwar Guéma, yana tauna ta a bayan mai babur.

Ana cikin haka sai ga kira daga Djougou. Gwaggo Adawiyya ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ita kaɗai ta rage a cikin manyan gidansu. Ba ta tsaya gaisuwa ba, abin da bai taɓa ji daga gare ta ba. Wai Abdulrazak zai rushe masallacin Kaka.

Masallacin ɗan ƙarami ne, na ƙasa, a ƙofar gidansu. Kaka Usaini ya gina shi da hannunsa bayan ya ajiye fataucin goro. Abdulrazak kuwa ƙanen Mounkaila ne, ɗan kasuwa mai sayar da salula, Allah ya buɗa masa, ga son alheri, ga gaggawa. Ya sayo siminti da ƙarafan gini zai yi wa masallacin rumfa, aka jibge ƙarafan a ciki don kada ruwa ya taɓa su. Rannan bayan la'asar ya ciro salula don ya gwada wa mutane yadda take nuna alƙibla, sai kibiyar ta karkace can hagu, ta bar inda liman ke fuskanta. Shi ke nan fa, magana ta cika unguwa. Abdulrazak ya ce ba rumfa ba, gini za a sake tun daga tushe, har ya yi magana da magini.

"Mounkaila, kai ne mai boko," in ji Gwaggo. "Shekara sittin da bangon nan nake daidaita tabarmata. Ka gaya mini gaskiya, ina nake kallo duk shekarun nan?"

Ya ce ta kwantar da hankalinta, ko da an karkace malamai sun ce Allah yana karɓar sallar wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Ta ce ta sani, liman ma ya faɗa mata, ita ba fatawa ta kira nema ba. Mako biyu ke nan kullum tana juya tabarma, yau nan, gobe can, sallar ma ta daina yi mata daɗi.

Ya kira ƙanen ya roƙe shi kwana tara kacal, kada a taɓa ko ɗan hoge sai ran Asabar, ashirin da takwas ga Mayu. Abdulrazak ya yi dariya, ya ce Yaya ke nan, na'urar da jirgin sama ke tafiya da ita ce za a jira alli ya gyara mata? Amma ya yarda, don yana jin nauyinsa.

Abin da Mounkaila ya dogara da shi tsohon sani ne. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai kan Ka'aba, kuma a ranar nan abin yakan faɗo ƙarfe goma da minti sha takwas na safe a agogon Benin. A wannan minti duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla, inuwar duk abin da ke tsaye kuma layin alƙibla ce. Sai dai fa tsoro yake ji, tsoro sosai. Tsofaffin masallatai da yawa gabas kawai suke kallo, alhali daga Djougou sai an ɗan karkata arewa. In inuwa ta ƙaryata Kaka, da bakinsa zai faɗa, a gaban Gwaggo.

Ran Asabar ya yi sammako ya shiga taksin Djougou, su huɗu a baya har da wata mata mai kwandon doya a cinya. Tun daga hanya yake leƙen sama, ga damina ta kankama, hadari na ta kai da kawo. Ya isa ya tarar ƙofar gida cike, har da masu shagon da ba sa salla a nan. Ya ce kafin komai duk mai salula ya shiga masallaci ya buɗe alƙiblarsa. Mutum biyar suka shiga, kibiya biyar, kowace da inda ta nufa, ta wani ma gidan mai waina take nunawa. Aka kwashe da dariya. Ya ce to su fito fili, nesa da ƙarafan. Suna fitowa kibiyoyin suka fara shiri da juna. Ashe tarin ƙarfen nan ne ke jan su, ƙarfen da Abdulrazak ya sayo da kansa! Abdulrazak ya sosa ƙeya, amma bai sauka ba. Ya ce ya ji, salula ta ruɗe a ciki, to wa ya ce Kaka bai ruɗe ba? Mounkaila ya ji daɗin tambayar har ransa, rabon da ɗalibi ya yi masa irinta ya manta.

Ya ɗaura dutse a igiya, ya rataya a reshen dalbejiyar da ke gefen masallaci, inda rana ke sauka, ya jira igiyar ta daina lilo. Sai ya duba hannunsa, ashe agogon ya tsaya tun a mota, yana nan kan takwas da rabi. Mutumin da ke ƙwace salula a aji, yau shi ne ya juya yana cewa ƙanensa, don Allah riƙe mana lokaci. Abdulrazak ya ciro salularsa yana murmushi.

Goma da kwata, gajimare ya rufe rana ruf. Gwaggo na zaune kan kujera 'yar tsugunno a bakin zaure, carbi a hannu, ba ta kallon kowa. Sha shida. Sha bakwai. Gumi ya jiƙa wa Mounkaila riga.

"Yaya, sha takwas."

Kamar da wasa gajimaren ya yage, siririyar inuwar igiya ta kwanta a ƙasa. Ya durƙusa da sauri ya bi ta da alli, ya ɗauko ma'auni ya gwada tsakaninta da bangon gefe, nan gaba, nan baya. Ya sake gwadawa. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Yadda tsohon nan ya yi ya gano, da tauraro ne ko da me, babu wanda ya sani, shi ma Mounkaila bai sani ba. Abdulrazak ya karɓi ma'aunin ya gwada da kansa, sannan ya miƙe ya ce wa magini rumfa za a yi, a fitar da ƙarafan nan waje.

Mounkaila ya sa a ɗauki hoton layin allin, ya samu amsar da zai ba Shakira a aji ran Litinin. Yana kakkaɓe gwiwa ya ga Gwaggo ta tashi ta shige gida, ko tambayar sakamako ba ta yi ba, ta gani a fuskarsa. Ya bi ta har ɗaki. Tabarmar sallarta na nan a karkace, yadda ta bar ta da asuba.

"Gyara mini, zan yi walaha," ta ce.

Ya sunkuya zai nemi saiti da bango, sai ya ga ba ya bukata. A daɓen ɗakin akwai wuri biyu da suka lotsa suka yi santsi, daidai inda gwiwoyinta ke sauka. Ya ja tabarmar ya mayar a kansu, idonsa ya cika da ƙwalla, ya fita ya ja mata labule.