Farin Rawanin Rhissa

Agali bai fi shekara uku da shiga aikin gardi, wato dogarin Nasara, a barikin Dakoro ba, amma in yana magana sai ka rantse da shi aka gina barikin. Kafin Nasara su ba shi jar hula da ɗamara, raƙuman mutane yake kiwo a dajin Korahane, kuma ko a can ba a taɓa yabon kiwonsa ba. Yanzu ya iya kalmomin Faransanci kamar goma sha biyu, rabinsu zagi, yana zuba su ga duk wanda ya tare mashi hanya, har da jakai.

Ɗansa ɗaya ne, Rhissa. Uwar yaron ta rasu yana goye, Agali kuwa bai sake aure ba, ko kuma a ce ba a sake ba shi ba. Yayarsa Habi ce ta raini yaron a ƙauyensu. Tun yana ƙarami yake da kirci a kumatu da gefen baki da bayan kunne. Fatar takan bushe ta yi kaushi, ta hana shi sakewa da ƙaiƙayi, amma a hannun Habi abin bai taɓa wuce haka ba. Da ya cika shekara goma sha biyar Agali ya aika a kawo shi gari, wai ɗan gardi ba ya zama cikin awaki. Habi ta cika mashi tandu da mai, ta bar shi ya tafi.

Wata bakwai bayan haka, ana tsakiyar bazara, ta zo kasuwar Dakoro da man shanu da cuku. Da ta sayar ta bi ta gidan ƙanenta a bayan bariki. Ta tarar da Rhissa a ƙuryar rumfa yana cin tuwo shi kaɗai, ya juya fuska wajen dangar kara. Da ya waiwayo sai da ta ajiye kayanta ta zauna. Kumatunsa biyu sun tsattsage suna tsatsar ruwa, gefen bakinsa ya yi ɓawo, fatar idonsa ta kumbura. Ya gaishe ta bai buɗe baki sosai ba, don in ya buɗe tsagewa yake yi.

Ta tambaye shi ina tandunsa. Ya ce Baba ya jefar, wai warin daji yake. Ta tambayi dalilin da yake ci shi kaɗai, ya ce matan unguwa sun fara cewa kuturta ce, Baba ya ware mashi akushi don a ga yana kiyayewa. Ya kai ta ɗaki ya nuna mata maganin da ake yi mashi. A kan akwati Agali ya jera su kamar kayan ɗakin amarya: sabulu mai ƙamshi cikin takarda mai hoton fure, gwangwanin hoda, da kwalbar turaren da suke kira kolon. Ragowar kayan matar kumandan ne, ta bar su da za ta koma ƙasarsu, mai dafa abincin gidan ya ba Agali. Sau uku a yini yaron yake dirje fuska da soso da sabulun nan, sannan uban ya tsiyaya mashi kolon a hannu ya ce ya shafa. In ya ce da zafi, sai Agali ya ce zafin shi ne alamar magani yana aiki.

Agali ya shigo da la'asar, takalminsa yana ƙara tun daga ƙofa. Ya gaishe da yayarsa a tsaye. Habi ta dube shi daga hula har ƙafa, ta ce mashi ya zauna, ita ba kumandan ba ce.

"Yaya, ba ki san kayan nan ba," in ji shi. "Madam da kanta da su take wanka."

"Madam kirci gare ta?"

Ya ce a'a, fatarta sumul take.

"To ka ɗauki abin mai lafiya ka zuba wa gyambo. Ko akuya in ta ji ciwo ba a yi mata haka."

Ya yi ta bayani a kan cewa zamani ya sake, mutanen daji ne kawai suke shafa kitse a fuska suna tara ƙuda. Habi ta aika wa maƙwabtan da suka zo tare cewa su koma mata da jakinta, ita za ta kwana biyu a gari. Ta kwashe kayan Madam ta zuba cikin akwatin, ta ɗora tabarmarta a kai.

Abin da ta fara yi shi ne hana komai. Ba sabulu, ba soso. Ta yanke wa Rhissa farce har ƙasa. Ruwan rijiyar da ke kusa da gidan yana da ɗanɗanon kanwa, don haka ta sa ya riƙa ɗebowa daga wata rijiya can bayan kasuwar dabbobi, a bar shi ya kwanta a randa. Safe da yamma yakan watsa wa fuskarsa da tafin hannu, ya dangwala da tsohon zane mai laushi, ba gogawa.

Washegari ta je wurin Dela, mai sayar da mai da sabulu a bakin kasuwa. Dela ta riga ta ji labarin ɗan gardi, kuma tana da magani a shirye: toka da kanwa da wata saiwa, a kwaɓa da ruwan tsamiya a shafa, ta ce kwana uku fatar za ta ɓare sabuwa ta fito. Habi ta ce ai ɓarewar ce ta kawo ta. Dela ta miƙo sabulun salo, ta ce wannan dai namu ne na gida. Habi ta lasa kaɗan a kan harshe, ta tofar, ta ce da wannan da na Madam bambancinsu takarda ce. Ta bi ƙoren man kaɗe ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Wanda aka zuba wa turare don ya ja 'yan mata ta ture shi. Wanda ya ji hayaƙi ta ture shi. Ta ɗauki wani fari da ba ya ƙamshin komai, wanda Dela ta ajiye a baya don ba mai tayawa. Ta haɗa da ɗan man gyaɗa.

Ko da haka ba ta kai komai fuskarsa ba. Ta sa ya miƙo hannu, ta ɗiga abu huɗu a cikin damtsensa inda fata take da taushi, kowanne da wurinsa: man kaɗe, man gyaɗa, man shanu na ajiya, da sabon man shanu. Ta ce kada ya wanke sai bayan kwana biyu. Agali ya leƙo ya gani, ya yi dariya, ya ce ciwo yana fuska ana yi wa hannu magani.

Wurin man shanu na ajiya ya yi ƙaiƙayi tun ranar. Wurin man gyaɗa ya fito da 'yan ƙuraje. Sabon man shanu bai yi komai ba, amma cikin zafin nan ba ya kwana uku bai juya ba. Saura man kaɗe. Ta narkar da shi a rana, ta tace da ƙyalle, ta koya wa Rhissa ya shafa kaɗan tun fuskar tana da danshin ruwa, kada ya jira ta bushe.

Cikin kwana goma tsatsar ruwan ta tsaya, ɓawon ya fara zuba da kansa. Rhissa ya yi dariya da baki buɗe ranar da wani ɗan akuya ya faɗa cikin kwandon Habi, kuma ba abin da ya tsage. Ta ɗauke akushin da aka ware mashi ta mayar cikin sauran. Agali ya duba fuskar ɗansa da kyau, ya kaɗa kai, ya ce dama ya san kolon ba ya nuna aikinsa sai daga baya.

A nan ne ya fito da maganar rawani. A danginsu, in yaro ya kai, akan tara mutane a naɗa mashi rawani ya rufe baki da amawali, daga ranar ya shiga sahun maza. Agali ya riga ya sa rana, ya gayyaci tafinta da sauran gardawan bariki. Ya kuma sayo turkuɗi, mai ƙyalli kamar bayan ƙwaro, irin wanda shuninsa yake zuba a hannu da an taɓa. Ya ce ko ba komai amawali zai rufe abin da ya rage, mutane su huta da kallo. A gaban yaron ya faɗa.

Habi ta ce a yanko ɗan bakin turkuɗin a ɗaura mashi a hannu a gani tukuna. Agali ya ce ba mai sa almakashi a kayan da ko tafinta bai mallaki irinsa ba. Ranar da ta tafi kasuwa ya kira Rhissa ya naɗa mashi, wai gwaji, ya sa shi ya bi shi har bakin bariki da rana tsaka don a gani. Yaron bai iya cewa a'a ba. Zufa ta jiƙa shunin, ƙyallen mai tauri yana gogar kumatu. Kafin la'asar fuskar ta koma kamar ranar da Habi ta zo, ga shuni ya shiga cikin tsagar.

Da ta dawo ta gani ba ta ɗaga murya ba. Ta jiƙa zane ta ɗora wa yaron a fuska, ta ce wa ƙanenta tun da maganarta ba ta da hula, gobe su je gidan likita ya ji daga bakin mai farar riga.

Mai duba marasa lafiya a lokacin wani Sa'adu ne, mutumin Maradi, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya koyi aikin. Agali ya shiga gaba, ya ƙame ya sara mashi, abin da ba wanda ya nema. Sa'adu ya duba fuskar, ya tsikari wuraren da tsinke ya tambayi Rhissa ko yana ji, ya ce ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka. Ya tambayi abin da ake shafawa. Agali ya lissafa kayan Madam da alfahari. Sa'adu ya juya wajen Habi, ya ce, "Inna, ke me kika yi?" Ta gaya mashi. Ya ce ba shi da abin da ya fi wannan a cikin kabad ɗinsa, a ci gaba, a kuma raba yaron da turare da duk tufa mai zuba.

Agali bai motsa ba. Sa'adu ya gane abin da yake jira, ya maimaita maganar da Faransanci, ya yagi takarda ya rubuta layi biyu ya miƙa mashi. Agali ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya sa cikin hula. Bai iya karatu ba. Kafin su kai gida ya tsayar da mutum uku ya shaida masu cewa likita ya rubuta wa ɗansa maganin Nasara, wani mai da ake kira karite.

"Gwaggo, mene ne karite?" Rhissa ya tambaya a hankali.

"Man kaɗe ne ya shiga aikin gardi," in ji ta.

An ɗaga naɗin da sati uku. Habi ta sayi farin akoko, ta wanke shi sau biyar ba sabulu, tana bugawa a kan turmi har ya yi laushi kamar tsumma. Da shi aka naɗa wa Rhissa. Wani tsoho daga dangin uwarsa ne ya naɗa, ya sassauta amawalin yadda iska za ta shiga. Turkuɗin kuwa Agali ne ya sha shi a kansa ranar, ya zauna kusa da tafinta yana zufa, shuni yana gangaro mashi har wuya, yana ba baƙi labarin yadda ya yi fama da ciwon ɗansa.

Kircin bai rabu da Rhissa ba. Yakan kwanta wata da watanni, ya taso in zafi ya yi yawa ko in ya yi sakaci, amma bai sake tsagewa ba, kuma yanzu shi yake zuwa wurin Dela ya zaɓi mansa. Da ruwan farko ya sauka Habi ta ɗaure kayanta. Rhissa ya je ya sami ubansa ya ce zai bi ta, akwai shuka, awaki kuma sun yi mata yawa. Tun da ya rufe baki da amawali ba a hana shi kamar yaro. Agali ya ce ya tafi, dama gari ba na kowa ba ne.

Ranar tafiyar bai raka su ba, ya ce an ba shi tsaron ƙofa. Da suka biyo ta gaban bariki yana tsaye a wurin, ya ɗaga masu hannu kaɗan yadda kumandan yake yi. Rhissa ya tsaya ya gaishe shi yadda ya kamata. Habi ta kora jakinta da maƙwabta suka dawo mata da shi suka wuce, don tana so su kai Korahane kafin hadarin da ke gabas ya iso.