Yoyon Gindin Lemo

Tun da maigidan ya yi ritaya babu abin da ya zauna lafiya a gidan. Ya gyara fanka ta daina juyawa, ya gyara ƙofar banɗaki ta daina rufuwa. Yara suka laƙaba masa Injiniya, shi kuwa bawan Allah ya ɗauka yabo ne. Ranar da ya ce zai canja bututun ban ruwan lambun bayan gida, matarsa ta bi shi har can.

Ita ba latas ɗinsa ne ya dame ta ba, ko awaki su cinye. Damuwarta itacen lemun tsamin da ke jikin katanga, wanda mahaifiyarta ta dasa shekarar da za ta rasu.

"Baban yara, don Allah ka bi a hankali wajen lemon nan."

"Ke dai zuba ido ki sha kallo."

Ta kuwa sha. Ya tone lambun kaf kamar mai neman zinariya, har ya iske tsohon bututun ya tsage a gindin lemon, ruwa na tsiyaya a ƙarƙashin ƙasa. Sai ga shi a ƙofar kicin da guntun bututu, caɓo har gwiwa.

"Kin ga ɓarawon! Shekara da shekaru yana shanye mana ruwa."

Ya shimfiɗa sabon bututu ta hanyar tsohon, ya like ko'ina da gam, ya ja wa kowane tushen latas siririn tiyonsa. Lemo kuwa ko ɗigo. Wai babban itace ne, saiwarsa ta kai ruwa, tunda ba a taɓa ba shi ba kuma bai mutu ba. Ilimi ke nan!

Ba a jima ba ganyen lemon ya fara naɗewa yana zuba. Ta yi ta jido masa ruwa a bokiti har bayanta ya riƙe, amma ƙasar saman kawai take jiƙewa. Ta tsuguna a gindinsa ta yi kuka sosai, ji take kamar za ta sake binne mahaifiyarta. A nan ta tuna ɓarawon da aka kama. Ashe shi ne ke shayar da itacen tun fil azal.

Ta san mijinta, gaya masa ɓata yawu ne. Da ya fita sayen ƙarin gam, ta ɗauko ƙusa da guduma, ta tone gindin lemon, ta huda sabon bututun, ta mayar da ƙasa ta daddanne.

Da lemon ya fito da sabon toho, Injiniya ya tsaya a gabansa hannu a ƙugu.

"Ban gaya miki ba? Aikin masana ke nan."

"Ai hannunka akwai albarka, Baban yara."

"Sai dai ruwan latas ya rage ƙarfi. Akwai yoyo a wani wuri, gobe zan tone in gani."

Ta ce Allah ya ba da sa'a. Ta shiga ɗaki ta adana ƙusarta.