Alƙalamin Sauda

Duk Kalfu babu wanda bai san rubutun Malam Manzo ba. In ya rubuta wa mace wasiƙar ajami zuwa ga mijinta can Kurmi, ko an gama karantawa ba a yar da takardar, saboda kyau. Mutane kan ce hannu ne Allah ya ba shi. Hannu fa! Mutumin da lauje ya cinye wa babban yatsan hagu tun yana yaro, ko kara ba ya iya riƙewa ya feƙe. Matarsa Sauda ce mai feƙe masa alƙalami. Ɗiyar malamai ce, a gaban ubanta ta koya. Da kaka takan shiga fadama ta zaɓo gamba mai ƙwari ta shanya, ta zauna bakin ɗaki da 'yar wuƙarta ta fere, ta tsaga baki, ta gwada a farce, sannan ta miƙo masa tana cewa, "Ungo, Malam, kada a ce mijina na rubutu awa tonon kaza."

Bayan girbi zazzaɓi ya kwantar da Sauda, kwantawar da ba ta tashi ba ke nan. Ta bar masa ɗan ƙullin alƙaluma feƙaƙƙu, kowanne da jan zare a gindi, don takan ce ta haka za ta gane nata in an ara.

To, alƙalamin kara ba ƙarfe ba ne. Wannan ya dakushe, wancan ya tsage. Maƙwabcinsa Baƙo ya taɓa cewa a ba shi ya gyara guda, ya maido shi kamar turken akuya. Kafin bazara ta yi nisa sai guda ɗaya ya rage a kurtun tawada. In Malam ya ci gaba da aiki da shi kullum, ba zai ga damina ba. In kuwa ya bar rubutu, wa zai ƙara taka gidan? Masu neman wasiƙa su kaɗai ke yi masa sallama. In sun tafi, sai shi da kurciyoyin kan darni, ga murhu ya yi sanyi. Kewa ta ishi bawan Allahn nan, har yakan ɗauki alƙalamin ya yi ta juya jan zaren ba don zai rubuta komi ba.

Sai ya yanke shawara. Zai je Tahoua wurin ɗansa Ma'azu, wanda yake komi, wato akawu, a ofishin gwamnati, ya zaɓo alƙalamin zamani na aikin yau da kullum. Na Sauda kuwa sai ranar Juma'a, ya ja bisimilla da shi ya ajiye. A haka zai iya kai shi har kabari.

Ranar tafiya ya sa alƙalamin a gafaka, ya sake fiddawa. A bayan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin buhunan hatsi da gwiwoyin mutane, ai karyewa zai yi. Sai ya miƙa hannu ya soke shi cikin jinka, daidai saman ƙofa, inda Sauda ke soke wuƙarta da matsefi. Jinka ai ita ce adakar talaka. Ya ja asabari, ya bar wa Baƙo amanar gida.

Ma'azu ya karɓi ubansa da ladabi, ba a ce bai yi ba. Amma da sassafe ya hau keke, sai la'asar ya komo a gajiye, rabin maganarsa Faransanci. Malam ya wuni cikin ɗakin kwano yana gumi, rediyo na ta zancen ministoci da bai san su ba. Sai ranar Lahadi suka shiga kanti kusa da kasuwa.

"Baba, ga su nan, zaɓi wanda ranka ke so," in ji Ma'azu.

Mai kanti ya fara miƙo sitilo baƙi mai shan tawada, irin na manyan ma'aikata. Malam ya ɗora shi a takarda ya ja daga dama zuwa hagu, bakin ƙarfen ya cije takardar ya fesa masa shuɗi a riga.

"Kai! Wanga hanya ɗaya ya sani, ta masu shi," in ji Malam.

Aka kawo mai tsoma baki a kwalba, shi ma ya yi ta ƙara yana karce. Daga ƙarshe mai kanti ya ciro bik daga kwali, biron nan da 'yan lakwal, yaran boko, ke taunawa. Malam ya gwada. Ya ja dama, ya ja hagu, abin ya bi shi sumul. Alif ɗinsa da ba'unsa duk kauri ɗaya, babu ciki babu wutsiya.

"Baba, wanga fa na yara ne. Ba ya da wani kyau."

"Shi nika so. Ko jaki ya riƙa shi, haka za shi rubutawa. In ya mutu ba ni jin komi."

Ma'azu ya yi dariya, bai gane ba. Malam kuwa ya soke bik a aljihu, ransa ya yi sanyi karo na farko tun rasuwar, don ya san ya sama wa alƙalamin Sauda tsawon kwana.

Da ya sauka daga kamiyo a Kalfu, tun daga bakin rijiya ya hango abin da ya tsayar da shi. Ɗakinsa na sanye da sabuwar jinka, shuci fes, yana ƙyalli a rana. Baƙo ya taro shi da murna, baki har kunne.

"Malam, sannu da hanya! Mun ga hadari ya fara leƙowa, muka ce marigayiya ba ta nan balle ta matsa maka. Sai muka yi gayya. Ko ɗigo ba ka gani bana!"

Malam ya shige ɗaki ya miƙa hannu saman ƙofa. Sabon shuci ne, ɗaure tamau. A kan tabarma an jera masa wuƙar Sauda da matsefinta, don su an gan su. Wa zai ga kara a cikin kara?

"Baƙo, ina tsohuwar?"

"Tsohuwar jinka? Ai ta ruɓe, Malam. Mata sun kwashe ta, makamashi."

Ya zagaya bayan ɗaki inda aka sauke ta. Saura 'yan ɓaraguzai da kashin gara. Ya durƙusa, dattijo da gemunsa, yana tona tarkace da yatsu huɗu, yana neman jan zare. Baƙo na tsaye yana tambaya ko kuɗi ne suka ɓace. Me zai ce masa? Mutane sun bar gonakinsu sun hau rana sun yi maka rufi, ka ce sun ƙone ka? Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Ba komi. Allah shi saka muku da alheri, shi rufa muku asiri yadda kuka rufa mini."

Da magariba Zeinabou matar Baƙo ta yi sallama da akushi.

"Malam, ga tuwo, ka sha hanya. Da sauran jinkarka na tuƙa shi, wallahi ta ci wuta awa an zuba mata kananzir."

Ta tafi. Ya zauna bakin ɗaki, daidai inda Sauda ke zama da wuƙarta, bik na tokare masa ƙirji ta cikin aljihu. Ya buɗe akushin, tururi ya bugi fuskarsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya yi bisimilla ya sa hannu, hawaye na zuba cikin miya, ya ci tuwon nan tun da ɗuminsa bai bar ko loma ba.