Dariya a Saman Ƙofar Ruwa

Ba son ruwa ne ya sa Gordon hayar jirgin ruwa ba. Tun da ya yi ritaya, matarsa Hilary ta daina dariya a gidan, shayi ma sai ta ajiye masa ta wuce, shi kuwa ya rantse sai ya dawo da dariyar nan. Ya ɗauko dogon jirgi siriri irin wanda mutum ke tuƙawa da kansa, ya kama sandar tuƙi kamar kowane magidanci a magudanar ruwan da aka haƙa don jirage, ya miƙa wa Hilary ƙarfen murɗa ƙofofin ruwa.

Mai ba da hayar ya ja masa kunne a kan lok, wato ramin nan mai ƙofa gaba da baya inda ake zubar da ruwa jirgi ya sauka. Akwai dakalin dutse ɓoye a gindin ƙofar baya. In ruwa yana janyewa, kada gindin jirgi ya ƙetare farin layin da aka ja a bango.

Lok ɗin wannan hanya masu faɗi ne, kuma al'ada ce jirage biyu su shiga tare don kada a ɓarnatar da ruwa. Haka aka haɗa su da jirgin wani Rhys, dogo mai furfura da fararen haƙora. Yayarsa ce ke tuƙi, shi yana ƙofa. Kenan shi da Hilary a sama cikin rana, suna tura katakon ƙofa da bayansu, Gordon kuma a ƙasa tsakanin bango mai gansakuka.

Sai ga dariyar ta dawo. Kai, har da riƙe ciki! Amma ba shi ya jawo ta ba. Kishi ya turnuƙe bawan Allahn nan, taliyar da aka dafa da rana ma ya ture ta gefe.

"Me dogon nan yake gaya miki ne?" ya tambaye ta.

"Hira ce kawai, tsoho. Ci abincinka."

A lok na gaba, ruwa ya fara janyewa, rufin jirgin ya tare masa su. Yana jin muryarta, ba ya ganin fuskarta. Ya ɗan ja jirgin baya don ya hango, ya ƙara ja. Yayar Rhys ta daka masa tsawa: "Layin, malam! Layin!"

Ina! Gindin jirgin ya riga ya hau dakali, hancinsa ya duƙa ƙasa. Farantai suka tarwatse a ciki. Hilary ce ta fara zabura. Ta saki tagogin da ruwa ke fita ta cikinsu suka rufe, ta sheƙa a guje zuwa ƙofar baya, ta riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan har jirgin ya ɗago ya daidaita. Ta sauko ta nufo shi.

"Kashe kanka za ka yi? Ina idonka yake?"

"A kanki yake," in ji shi. "Ni na kawo ki nan, amma wani kike yi wa dariya. Me ya ce miki?"

Ta dube shi, ta ce:

"Tambayata ya yi, me ya sa ba na tuƙi. Na ce jirgin babana na girma ina tuƙawa. Ya ce to maigidan bai sani ba ne? Na ce ya sani sarai, bai dai taɓa tambaya ko ina so ba. Abin da ya ba mu dariya kenan, Gordon. Kai ne."

Ya sani kuwa. Hotonta tana yarinya riƙe da sandar tuƙi yana nan a falonsu, shi da kansa ya kafa masa ƙusa.

Ya sakar mata sandar, ya karɓi ƙarfen, ya hau tsani. A lok na gaba shi ne a sama kusa da Rhys, yana nishi yana tura katako. Hilary ta shigo da jirgin sumul, ko bango bai goga ba, sai dariyarta ta taso daga ƙasan ramin.

Gordon ya leƙa da sauri don ya ga wa take yi wa. Ba kowa a gefenta. Ita kaɗai ce, hannunta a kan sandar, kuma ba ta ɗago ta neme shi ba.