Audugar da ta Riƙe Jirgin Gado

Mutanen ƙauyenmu sun ce Sodangi ba ya taɓa inji ya bar shi yadda ya same shi. Wasu da yabo suke faɗa, wasu kuma su faɗa suna kallon ƙasa. Shi ke gyaran famfunan ban ruwa daga Makwar har Sinja, ga shi ba mai yawan magana ba, abin da ya ƙara wa mutane zato.

Abokinsa Gado manomin auduga ne, yana da ɗan jirgin ruwa mai tsawon kamu biyu wanda ake sarrafawa da akwatin rediyo. Wani injiniya ne ya bar masa da zai tashi daga Makwar. Alhaji Jibirin, mijin ƙanwar Sodangi, shi ma ya sayo irinsa, sai suka riƙa tsere a tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, duk Juma'a bayan la'asar.

Ran nan Gado ya kai wa Sodangi jirgin ya daidaita masa sandar da ke juya farfela, saboda ta fara kaɗawa cikin bututunta. Juma'a na zuwa aka saki jirage. Na Gado ya taso da ƙarfi, ya yi gurnani, ya tsaya cik a tsakiyar ruwa. Da aka janyo shi, bututun ya yi zafin da ba ya taɓuwa.

"Hannun wa ya shiga na ƙarshe?" in ji wani daga baya.

Sai Gado ya dubi Alhaji Jibirin, ya dubi Sodangi. Kallon ya ishi kowa ya gane zargin: wai Sodangi ya ɓata jirgin ne don mijin ƙanwarsa ya ci tsere. Kafin mako ya zagayo, masu famfo biyu sun kai aikinsu wurin wasu masu gyara can garin Managil.

Wata Juma'ar Sodangi ya zo bakin tur'a da jakar kayansa.

"Malam Gado, ba ni shi in buɗe nan, kowa na gani."

"Don ka ƙarasa abin da ka fara?"

"Kai dai riƙe mani fulaya."

Ya kwance farfela, ya ja sandar, ta ƙi fitowa sai da ya murɗa. Ya mirgina ta a kan murfin akwati, ta tafi sumul, babu lanƙwasa. Sannan ya zura waya cikin bututun, ya zaro wani dunƙule baƙi, mai ƙaurin ƙonannen man riɗi. Ya warware shi a tafin hannu. Auduga ce.

"Wannan ba tawa ba ce, ni ba ni da gona," in ji shi.

Gado ya tuna. Bayan ya karɓo jirgin daga wurin Sodangi ya ga ruwa na tsattsafowa ta bututun, sai ya jiƙa auduga da mai ya cusa, yadda kowa ke toshe famfon gona in yana yoyo. Ita kuwa ta sha ruwa ta kumbura ta shaƙe sandar.

"Ya zol, mutumina, jirgi ne ko tulu?" in ji Alhaji Jibirin, aka fashe da dariya.

Sodangi bai yi dariya ba, yana ta shafa giris a sandar. Gado ya tsuguna kusa da shi yana ba shi haƙuri ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Sodangi. "Waccan maganar ta zargi ma ba da baki ka faɗe ta ba, amma har Managil an ji."

Gado ya miƙe, ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, ni na cusa audugar. Sodangi, na zarge ka a banza. Don Allah ka yafe mani."