Notin da Ya Rage

…to wa ma ya ce dole sai kowane noti ya koma mazauninsa? Guda ɗaya ne fa. Ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, ga shi kwance a tafin hannun Injiniya, shi kuma yana tsaye daga shi sai singileti da wando a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da ƙofar ɗaki, gumi na bin bayansa. Yanzun nan ya tsince shi a aljihu yana laluben hankici. A bayan ƙofar kuwa matarsa ce, Nas, zaune gaban kwamfutar da notin ya fito daga cikinta, tana intabiyun da zai kai ta ƙaro karatu, ko ya bar ta a ɗakin allura har ritaya.

Ta ce kar ya shigo. Ko gobara ce ta tashi, kar ya shigo. Har da murza mukulli. A gidansa!

Daga ina ya fito? Gindin fankar cikinta? In na fanka ne an shiga uku… ta ɗau zafi, ta ƙara zafi, ana tsakiyar tambaya ta yi ɗif. A'a, a'a. Na murfin baya ne. Murfin baya ai ado ne, ko babu shi ma… To in na batir ne fa?

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Injin hoton takardu yake gyarawa a ofis, abokan aiki suka liƙa masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓe hannu bibbiyu. Kuma ai bai yi ƙarya ba, ko ɗaya bai yi ba. Ita Nas kwamfuta irin ta Yayarta ta so, mai ƙyalli, siririya, wadda ake buɗewa da yatsa guda. Shi ya zaunar da ita ya yi mata lacca: wannan buɗaɗɗiya ce, zanen cikinta a fili yake kowa ya gani, manhajarta kyauta, babu kamfanin da zai leƙa asirinki, in ta lalace mu kwance mu gyara abinmu. ’Yanci ke nan!

“Baban yara, ni ba ’yanci nake nema ba, kwamfuta nake nema.”

Ga araha kuma… amma ba don arahar ba ne. Wallahi ba don ita ba ne. To, ba don ita kaɗai ba.

Ranar da ta iso, a cikin kwalin har da sukudireba. Kyauta! Ya ɗaga shi sama yana nuna wa yara, baki har kunne. Nas ta dube shi, ta dubi kwalin, ta ce ita a asibitinsu ba ta taɓa ganin an haifi jariri riƙe da maganinsa a hannu ba. Baƙar magana ce kawai irin ta ma'aikatan jinya. Me ta sani game da…

Murfin na kuka kamar ƙyauren gareji, gaskiya ne. Sifikar kuma kamar an rufe sauro a gwangwani. Wasu madannan sai ka danna kamar kana kashe kyankyaso. Kyamarar ta mayar da fuskar Nas rawaya, har ƙawarta ta ce ta je a auna ta ko shawara ce. Batir ya ce maka a cike yake, ka juya ka ɗauko kofi, ka tarar ya cika da gaske, sai dai a yi masa addu'a. To sai me? Ya tambaya a dandalin intanet na masu irinta, mutanen kirki daga ko'ina a duniya, suka ce haka take, ɗan'uwa, da sannu za ka saba, a fitowa ta gaba za a gyara. Ɗan'uwa fa suka ce! Masu irin ta Yaya wa ya taɓa ce musu ɗan'uwa?

Jiya da la'asar ma ai don Nas ya kwance ta. Makirufon ke sa muryarta kamar daga rijiya take magana. Ya baje kayan cikin a faranti, ƙaramar ’yarsu na tsaye tana tambaya ko ta mutu ne. Nas ta wuce da kwandon wanki, ko kallon farantin ba ta yi ba. Wucewar nan… gara masifa sau dubu da wucewar nan.

Ya manna kunne a ƙofa.

Muryar namiji, mai kauri, tana tambaya kan mai jego da jini ya ɓalle mata. Sai muryar Nas, a nutse, ɗaya bayan ɗaya, yadda take yi wa yara bayanin dalilin da za su sha magani. Wata mata ta yi dariya, ta ce madalla. Suna jin ta! Suna jin ta, jama'a! Kuma ji muryar mutumin, tar, garau, kamar yana zaune a bakin gado.

Kai, Injiniya! Ashe notin ne matsalar tun farko! Shi ke danne wani abu. Yau dandali zai ji labari: ’yan'uwa, ku cire notin da ke… da ke… to, zai gano ko na ina ne. Za a sa sunansa a cikin bayanan gyara. Yaya kuma, da ta zo ɗazu da sassafe da ƙatuwar jakarta, wai ta zo yi wa ƙanwarta addu'a, har tana gaishe shi da fara'a, Yayar da kullum gaisuwarta ita ce “Har yanzu ana tiyatar?”, ita ma sai ta…

Tsaya.

Makirufo ya taɓa jiya. Sifika ko kallonta bai yi ba. Ina sauron ya tafi?

Zai duba fanka ne kawai. Ba leƙe ba ne, duba fanka ne. Ya zagaya ta baya, ya sunkuya ƙarƙashin igiyar shanya, rigar makarantar babban ɗansu ta shafe masa fuska da ruwa, ya kifa bokitin roba a gindin taga, ya hau. Labulen bai haɗe ba, akwai ɗan tsagi.

Ga ta nan. Ta miƙe zaune cikin farin kayanta, tana magana da hannu, kyakkyawa, fuskarta a allo da launinta na gaskiya, babu shawara ko kaɗan. Allon siriri ne. Mai ƙyalli. Jakar Yaya na yashe a kan gado, baki buɗe, babu komai a ciki.

Tasa kuwa… ga ta can. A rufe. A ƙarƙashi. An ɗora ta Yaya a kanta don kyamara ta zo daidai fuska. Kusurwa ɗaya ta ɗan ɗaga, inda murfin baya bai kama ba, an cusa nannaɗaɗɗen kwalin magani an tokare.

Ashe na murfin baya ne. Ai ya faɗa.

Ya so a ce haushi yake ji, amma ba haushi ba ne. Da safe Nas ta shafa murfin tasa ta ce, “Sannu da ƙoƙari, Baban yara, ta yi kyau.” Mukullin nan ba don hayaniyar yara ba ne. Don kar ya gani ne. Mace na shirin intabiyun da ta shekara tana jira, amma sai da ta tsaya ta yi dabarar yadda mijinta ba zai ji kunya ba.

Anjima za ta fito. Za ta ce kwamfutar ta taimaka ƙwarai, kuma ba ƙarya ta yi ba, ai ta taimaka, ga ta nan ta ɗauki nauyi ko gezau. Shi kuma ya ce me? Ya ce ai na gaya miki? Ya ce na gani? Ya rubuta wa ’yan'uwa a dandali cewa…

Bokitin ya yi ƙas a ƙarƙashinsa. In ya sauka zai fashe, su ji har can. In ya tsaya, gwiwar nan tasa mai ciwo… Mutumin ya ce saura tambayoyi kaɗan. Injiniya ya damƙe notin, ya dafe bango da ɗaya hannun, ya ɗauke numfashi. Kaɗan ɗin nan, nawa ne?