Kalmar da Baba Ya Ƙara a Layin Tashi

Warin ruɓaɓɓen kifi ne ya rako Auta tun daga ɗakin sanyi har ƙofar shagonsu. Ya kama mata riga, ya kama mayafi, ko jakar kwamfutarta bai ƙyale ba. Amma ba warin ne ya fi ƙona mata rai ba. Wata kalma ce guda ɗaya da ta gani a cikin na'urar da su da hannunsu suka haɗa suka sayar.

Sana'ar gidansu ke nan, haɗa ƙananan na'urori masu kula da ɗakunan sanyi. Su ke kunna injin, su kashe, su aiko da saƙo ta intanet idan zafi ya tashi. Baba ne ya kafa shagon tun Auta tana rarrafe. Yaya shi ke da haɗa wayoyi da zuwa girkawa, ita kuma tun da ta gama karatu aka sakar mata manhaja. An sakar mata dai a baki, don Baba bai taɓa cire hannunsa ba.

Wani mara aikin yi ne daga can wata uwa duniya ya shigo ta intanet, ya kashe injin sanyin wani mai sayar da kifi. Da gari ya waye aka buɗe ƙofa, sai kowa ya toshe hanci. Mai kifi ya wanke Auta tas a gaban ma'aikatansa, ita kuwa ba bakin ramawa, domin ita ce ta zauna a ofishinsa ta yi masa alkawarin cewa na'urar tana da kariya.

Kuma ba ƙarya ta yi masa ba. Idan na'ura za ta tashi, abu na farko da ake lodawa cikin memori, ƙwaƙwalwar na'urar, shi ne kanel, wato uwar manhaja wadda komai ke bi ta hannunta. A da wuri ɗaya take sauka kullum, saboda haka ɓarawon da ya sami 'yar kafa ya san daidai inda zai miƙa hannu. Auta ce ta kunna tsarin da ke sauya mata masauki a duk tashi, babu mai iya cankar inda za ta sauka, ko ɓarawo ya sami kafar sai ya yi ta lalube. Sai dai akwai wani gajeren layin umarni da na'ura ke karantawa kalma bayan kalma kafin ta tashi. Idan ta ci karo da kalmar nokaslr a ciki, shi ke nan ta fasa sauyin, ta koma tsohon adireshi. Don gwaji a kan teburi aka yi kalmar, ba don na'urar da ke gadin dukiyar mutane ba. Ga ta kuwa Auta ta same ta zaune daram a ƙarshen layin.

Baba yana kan kujerarsa mai ƙara, ya kusa manna hanci a jikin allo.

“Baba, kai ka taɓa layin tashin na'urar mai kifi?”

“Sallama ta yi tsada ne yau?”

Ta yi sallamar tana cije haƙora, ya amsa a tsanake kamar ba abin da ya faru.

“Ni na taɓa,” in ji shi. “Kwanakin baya da ta riƙa faɗuwa na je na duba ta.”

“Ka sa kalmar, ka kuma bar ta a ciki.”

“Sakawa da gangan ne. Barin ta mantuwa ce.”

“Guda nawa ka yi wa haka?”

Ya ɗan sosa gemu. “Duk wadda na je gyara.”

Auta ta ji jini ya hau mata ka. Duk wadda ya je gyara! Akwai ta kantin magani, akwai ta masu madara, akwai ta wani ƙaramin asibiti da ke ajiye allurai. Ita tana ta yawo tana bugun ƙirji a gaban mutane, ashe mahaifinta yana bin bayanta yana zare sakata ɗaya bayan ɗaya.

“Baba, ka san abin da aka gaya min yau kuwa? An kira ni maƙaryaciya a gaban leburori. Ni!”

“Ke, sassauta murya, ba da sa'anki kike magana ba.” Ya juyo da kujerar. “Wannan kanel ɗin na san cikinta kamar yadda na san ɗakina. Na'urar nan ƙarama ce, in ta faɗi ba ta da wurin ajiye sunaye, lambar adireshin da ta faɗi kawai take tofarwa. Ina ganin lambar na san wane aiki ne ya yi tuntuɓe. Kin zo kin mayar min da ita akuyar da ba turke, yau tana nan gobe tana can. Da me zan yi aiki?”

“Ai a ƙasan allo tana rubuta nisan da ta matsa. Ka cire shi daga lambar, ka dawo kan abin da ka sani. Lissafin minti ɗaya ne fa.”

“Da furfurata ba zan koma aji ba.”

“To kifin mutane ya ruɓe ke nan don kada ka koma aji?”

Yaya, wanda tun ɗazu yake ta naɗe waya ɗaya yana warwarewa, ya taso ya ja hannunta zuwa ɗakin ajiya. Ya tura ƙofa, suka tsaya tsakanin kwalaye.

“Ki bi shi a hankali,” ya ce da ita ƙasa-ƙasa. “Ba taurin kai ba ne kaɗai. Idon ne. Ba ya iya karanta lambobin ɗaya-ɗaya yanzu. Siffarsu yake gani dishi-dishi, sai ya cike sauran daga ka, tun da ya haddace su. In suka canza ba shi da abin kamawa.”

“Tun yaushe?”

“An daɗe.”

“Kuma ka sani?”

“Ya ce in na gaya miki bai yafe ba. Tabarau ya daina yi masa amfani, aiki likita yake so ya yi, shi kuma ko zancen ba ya so.”

Wani zai zaci tausayi ne zai kama ta a nan. Ina! Fushin ma ninkuwa ya yi. Wato su biyu sun haɗa baki sun mayar da ita bare a shagon ubanta. Ana ɓoye mata ciwon mahaifinta kamar wata yarinya, amma idan za a sha zagi ita ake turawa gaba.

“Ki bar masa kalmar, don Allah,” in ji Yaya. “Ita kaɗai ta rage masa a aikin nan. Ni zan riƙa bin baya ina gogewa.”

“Kai da ka san komai tun tuni, guda nawa ka goge?”

Yaya ya sunkuyar da kai.

Ta fito ta wuce teburinta ba ta kalli kowa ba. Ta buɗe ɗan guntun manhajar da ke karanta layin tashi. Ba wani abin a zo a gani ba ne: ya tsallake fili, ya ɗauki kalma, ya gwada ta da waɗanda ya sani, in ta yi daidai ya aikata, in ba ta yi ba ya wuce. Ta gangara har inda ake tambaya ko kalmar nokaslr ce, ta share wurin gaba ɗaya. Daga yanzu kowa ya rubuta ta, na'ura za ta taka ta ta wuce, ta sauya masauki abinta.

Ta san ya kamata ta ƙara layi ɗaya da zai sanar a allo cewa an ga kalmar an ƙi ta. Haka ake yi, haka aka koya mata, har ta ɗora yatsu za ta rubuta. Sai zuciya ta ce da ita, su da suka iya ɓoye-ɓoye, bari su ma su ɗanɗana. Ta fasa rubutawa. Ta haɗa sabuwar manhajar, ta loda ta a na'urar da ke jiran gyara a kan teburin gwaji, lokacin Baba ya fita shan iska.

Da rana ta karkata ya dawo, har yanzu yana huci. Ya jawo na'urar gabansa, da alama so yake ya nuna mata cewa tsohon hannu bai mutu ba.

“Babba, zo ka tsaya nan,” ya ce da Yaya. “Kafin 'yar boko ta gama lissafinta na gaya maka ciwon wannan.”

Ya rubuta kalmarsa da yatsa ɗaya, ya tayar da na'urar. Ta yi ɗan aiki, ta faɗi yadda ta saba, ta tofo lamba. Baba ya matsa kusa da allo, ya daɗe yana kallo. Auta tana daga teburinta tana satar kallonsa, kuma gaskiya ta ji daɗi. Ta ji wani sanyi a ranta irin na wanda ya rama.

Ya kashe ya sake kunnawa. Wata lambar ta fito daban.

“Duba min, Babba. Na rubuta kalmar daidai?”

Yaya ya leƙa. “Daidai take, Baba.”

Ya sake tayarwa. Ya goge allon da hannun riga, ya goge tabarau, ya sake. Leɓunansa suka fara motsi, yana karanto lambobin da ya haddace a hankali, yana tsayawa, yana komawa farko. Daɗin da Auta take ji ya fara yin tsami. Ta ce a ranta yanzu zai juyo ya daka mata tsawa, ya ce me kika taɓa, ita kuma ta riga ta tanadi amsa mai zafi. Bai juyo ba. Ko kusa bai kawo a ransa cewa na'ura za ta ji umarni ta yi shiru ta ƙi bi ba, balle a ce 'yarsa ce ta koya mata.

Ya ɗora hannuwa biyu a kan teburi.

“Babba,” ya ce, da wata murya da Auta ba ta taɓa jin ya yi magana da ita ba. “Ashe abin ya wuce ido. Na idon na sani, na haƙura da shi. Amma ka ga lambobin nan, ko ɗaya ban gane ba. Sun gudu daga kaina.”

“Haba Baba, gajiya ce.”

“Ba gajiya ba ce. Haka cutar mantuwa ta fara wa mahaifina. Ranar nan ya tsaya a tsakar gidan da ya gina da hannunsa yana tambayarmu hanyar ɗakinsa. Kada ka gaya wa uwarku tukuna.”

Auta ta miƙe da sauri har kujera ta faɗi a bayanta.

“Ba kanka ba ne, Baba. Ni ce. Na cire kalmar daga manhaja. Ko ka rubuta ba ta ji, masauki take sauyawa. Lambobinka suna nan yadda ka haddace su.”

Yaya ya kalle ta baki buɗe. Baba kuwa ya lumshe ido ya ja dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauka. Da ya buɗe idon, tsoron ya tafi, fushi ya maye gurbinsa, irin wanda ba a ɗaga murya da shi.

“Kina zaune a nan kina kallona?”

“Ina zaune.”

“Tun tashin farko?”

Ta gyaɗa kai.

“Mayar da kalmar.”

Nan ne fa. Ta san in ta ce to, gobe zai zo ya zauna a kujerarsa kamar kullum, a ci gaba da yi wa juna ƙarya, wata rana kuma alluran asibiti su bi hanyar kifi. Ta san kuma in ta ce a'a, ta sallami mahaifinta daga aikin da ya ciyar da ita da shi. Kunya ta rufe ta saboda abin da ta yi masa yanzu, amma kunyar ba ta canza gaskiyar magana ba.

“Ba zan mayar ba, Baba. Ka yi haƙuri. Ka je a yi maka aikin idon, in ka dawo mu zauna tare. Amma kalmar nan ta fita ke nan.”

Ya kalli wajen da take tsaye.

“To ki sa ta riƙa faɗa,” ya ce. “In ta ƙi mutum, ta gaya masa ta ƙi. Ni da na raine ki na hana ki abubuwa da yawa, kin yi kuka, kin yi fushi. Amma ban taɓa hana ki abu a ɓoye na zauna ina kallonki kina zargin hankalinki ba.”

Ya tashi, ya lalubo hularsa a kan teburi, ya nufi ƙofa. Yaya ya bi shi ya kama masa hannu don ya tsallakar da shi titi, Baba ya fizge hannunsa.

Auta ta ɗaga kujerarta ta zauna. Ta rubuta layin da ya kamata ta rubuta tun farko, wanda zai ce an ga kalmar, an ƙi ta, kariya tana nan. Ta gwada shi ya fito a allo. Har yanzu ranta yana tafasa, da Baba, da Yaya, da ɓarawon da ba za ta taɓa gani ba, ga kuma nata kason wanda ya fi duka ɗaci. Ta taga tana hango shi a bakin titi, motoci suna wucewa, ya ƙi a taimake shi kuma ya kasa tsallakawa. Ta goge idonta da bayan hannu, ta tura manhajar zuwa dukkan na'urorin.